Sharhi: Dokokin hana sauya addini a Indiya da halin da Kiristocin ƙasar suka shiga

A ranar 25 ga watan Yulin 2025, 'yan sanda suka kama waɗansu sistoci biyu na cocin Katolika a tashar jirgin ƙasa ta Durg da ke Jihar Chhattisgarh, a tsakiyar Indiya. Sistocin 'yan asalin Jihar Kerala ne, kuma suna tare da 'yan mata uku daga ƙauyukan yankin, waɗanda za su kai birnin Agra domin kama aiki. Matasan ƙungiyar Bajrang Dal ne suka fara yi musu ƙawanya a tashar, suna zarginsu da safarar mutane da kuma tilasta wa 'yan matan shiga Kiristanci. 'Yan matan sun ce su dama Kiristoci ne, kuma da sanin iyayensu suka fito. Duk da haka sai da sistocin suka shafe sama da mako guda a tsare kafin kotu ta ba da belinsu a farkon watan Agusta.

Abin da ya biyo bayan kamun ya fi kamun kansa ɗaukar hankali. Jam'iyyar BJP ce ke mulkin Chhattisgarh, kuma babban ministan jihar ya goyi bayan matakin 'yan sanda. Amma shugaban jam'iyyar ta BJP a Kerala ya fito fili ya ce sistocin ba su da laifi, ya kuma shiga fafutukar ganin an sake su. Wato jam'iyya guda ta yi magana da baki biyu, kuma dalilin a bayyane yake: a Kerala kusan mutum ɗaya cikin biyar Kirista ne, ga zaɓen jiha yana ƙaratowa a lokacin, alhali a Chhattisgarh Kiristoci ba su wuce kashi biyu cikin ɗari ba.

Wannan lamari ya tattaro duk abubuwan da ke cikin takaddamar sauya addini a Indiya: doka, ƙuri'a, talauci, da tsohuwar tambayar nan ta wane ne ɗan ƙasa na gaskiya.

Abin da alƙaluma suka nuna

Masu goyon bayan dokokin hana sauya addini suna cewa 'yan mishan na wawure talakawan Hindu da kuɗi da magani da makarantu, har ta kai addinin mafi rinjaye na cikin haɗari. Ƙidayar jama'a ba ta mara wa wannan magana baya ba. A ƙidayar 2011, wadda ita ce ta ƙarshe da aka kammala, mabiya addinin Hindu sun kai kashi 79.8 cikin ɗari, Musulmi kashi 14.2, Kiristoci kashi 2.3, mabiya Sikh kashi 1.7, sai mabiya Buddha kashi 0.7. Kiristocin sun kai kimanin miliyan 28. Adadi ne mai yawa idan an auna shi da ƙasashenmu, amma kason nasu bai motsa ba daga inda yake a ƙidayar 1951, shekara sittin ke nan.

Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da wani rahoto a 2021 bayan ta tattauna da mutum kusan 30,000 a sassan Indiya. Ta gano cewa kashi 0.7 cikin ɗari ne suka tashi a addinin Hindu suka bar shi, yayin da kashi 0.8 suka shigo shi daga wani addinin. Abin da ya fita da abin da ya shiga kusan daidai suke. Kiristanci ya ɗan samu riba, domin kashi 0.4 na waɗanda aka tambaya tsofaffin Hindu ne da suka zama Kiristoci, kuma akasarinsu a kudancin ƙasar suke.

Sai dai akwai gyara a nan. 'Yan kishin Hindu suna cewa ƙidayar ba ta kama gaskiya ba, saboda akwai ɗimbin mutanen da ke zuwa coci amma a takarda suna nan a matsayin Hindu. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma su kansu shugabannin coci ba su musanta ta gaba ɗaya ba. Dalilin da ya sa mutum zai ɓoye addininsa a takarda shi ne ainihin inda gizo ke saƙar, kuma za mu zo kansa.

Addinin da ya riga Turawa zuwa

Babbar hujjar masu adawa da Kiristanci a Indiya ita ce baƙon addini ne da mulkin mallaka ya kawo. Tarihi ya fi haka faɗi. Kiristocin Kerala sun yi imani da cewa Toma, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa (AS), shi ne ya sauka a gaɓar tekunsu a shekara ta 52 Miladiyya. Masana tarihi suna da saɓani kan wannan, amma babu jayayya cewa akwai Kiristoci a yankin ɗaruruwan shekaru kafin jirgin Bature ya iso. Suna ibada da harshen Suriyanci, suna da alaƙa da majami'un Farisa da Iraƙi, suna fataucin barkono, kuma sarakunan Hindu sun ba su matsayi mai daraja. Ta wannan hanyar teku ce kuma fatake Larabawa suka kawo Musulunci Kerala.

Al'amura sun sauya bayan Vasco da Gama ya isa Calicut a 1498, Turawan Fotugal kuma suka kama Goa a 1510. A 1560 suka kafa kotun binciken aƙida a Goa, wadda ba a rufe ta baki ɗaya ba sai 1812. An rushe wuraren bautar Hindu, an hana bukukuwansu, an kuma azabtar da sababbin Kiristocin da ake zargi suna komawa ga al'adun kakanninsu a ɓoye. Hatta tsofaffin Kiristocin Kerala ba su tsira ba, domin a taron Diamper na 1599 an tilasta musu bin tsarin Roma, abin da ya kai su ga yin bore a 1653. Duk wanda ke son fahimtar fushin Hindu na yau, dole ya san cewa wannan tabo na gaske ne.

Haɗuwar ba ta kasance ta takobi kaɗai ba. Sarki Akbar na daular Mughal ya gayyaci limaman Katolika zuwa fadarsa a 1580 domin su yi muhawara da malaman Musulunci da na Hindu. Roberto de Nobili, wani limami ɗan Italiya da ya zauna a Madurai daga 1606, ya koyi Sanskrit da Tamil, ya daina cin nama, ya sa tufafin masu zuhudu na Hindu, yana mai cewa mutum zai iya bin Almasihu ba tare da ya zama Bature ba. A ƙarni na 19, Ram Mohan Roy, wanda ya yi fafutukar hana ƙone mata tare da gawar mazajensu, ya karanta Linjila sosai, ya yaba koyarwarta ta ɗabi'a, amma ya ƙi barin addininsa. Mahatma Gandhi ma haka: yana girmama Almasihu, yana kuma sukar 'yan mishan da ke haɗa magani da wa'azi.

Kamfanin Ingila da ya mallaki Indiya da farko bai so 'yan mishan ba, don gudun kada su ɓata masa ciniki. Sai a 1813 Majalisar Birtaniya ta buɗe musu ƙofa. Daga nan makarantu da asibitoci suka yaɗu, irin su babban asibitin Vellore da likita Ida Scudder ta kafa a 1900, wanda har yau yana cikin na gaba-gaba a ƙasar. Martanin Hindu bai jinkirta ba. A 1875 aka kafa ƙungiyar Arya Samaj, wadda ta ƙirƙiro bikin "tsarkake" waɗanda suka bar addinin domin dawo da su. A 1923 Savarkar ya fitar da aƙidar Hindutva, wadda ta ce cikakken ɗan ƙasa shi ne wanda Indiya ce ƙasar kakanninsa kuma ita ce ƙasarsa mai tsarki. Da wannan ma'auni, Musulmi mai fuskantar Makka da Kirista mai kallon Ƙudus duk sun faɗa waje. A 1925 aka kafa RSS, uwar ƙungiyoyin da BJP ta fito daga cikinsu.

Yadda dokokin ke aiki

Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki a 1950, ya ba kowa 'yancin yin imani da addini, da aiki da shi, da kuma yaɗa shi. Amma tun 1967 Jihar Orissa ta kafa dokar hana sauya wa mutum addini ta hanyar tilas ko yaudara ko kwaɗaitarwa, Madhya Pradesh ta bi sahu a 1968. Ya kamata a lura cewa wannan ya faru tun kafin a haifi BJP. A 1977 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokokin biyu, inda ta ce 'yancin yaɗa addini bai ƙunshi 'yancin sauya wa wani addininsa ba.

A yau jihohi fiye da goma cikin 28 suna da irin wannan doka, kuma yawancinsu a shekarun baya-bayan nan aka kafa su ko aka tsananta su: Jharkhand a 2017, Uttarakhand a 2018, Uttar Pradesh a 2020, Haryana da Karnataka a 2022, sai Rajasthan a 2025. A fuska babu wanda zai yi jayayya da hana tilas. Matsalar tana cikin ƙananan bayanai. A Uttar Pradesh, wanda ke son sauya addini sai ya sanar da hukumar gunduma kwana 60 kafin ranar, a kuma yi bincike a kansa. Nauyin kawo hujja yana kan wanda ake tuhuma: shi ne zai tabbatar cewa bai tilasta wa kowa ba. Kalmar "kwaɗaitarwa" kuwa ta haɗa da alƙawarin aiki ko karatu kyauta ko kyakkyawar rayuwa, abin da ya sa duk wata makarantar mishan ko asibitinta na iya faɗawa tarkon. A gyaran 2024, jihar ta ɗaga hukuncin zuwa ɗaurin rai-da-rai a waɗansu laifuffukan, ta kuma ba kowane mutum damar shigar da ƙara, ko da ba shi da dangantaka da wanda ake cewa an zalunta. Kafin gyaran, shi ko danginsa ne kaɗai ke da wannan dama.

Sannan akwai wani ɗan sashe da ya tona asirin manufar. A waɗansu jihohin, wanda ya koma addininsa na baya ba a lissafa shi a matsayin wanda ya sauya addini ba. Wannan ya ba ƙungiyoyin Hindu damar ci gaba da bukukuwan da suke kira "dawowa gida", a bainar jama'a, ba tare da sanarwar kwana 60 ba. Ƙofar fita tana da mai gadi, ta shiga kuwa a buɗe take.

Ƙararrakin da ake shigarwa suna da yawa, amma waɗanda ake samu da laifi ba su da yawa. Lauyoyin kare haƙƙin ɗan'adam a ƙasar sun daɗe suna cewa shari'ar kanta ita ce hukuncin: fasto ya shafe watanni a kurkuku yana neman beli, majami'arsa ta watse, iyalinsa sun ci bashi, daga baya kotu ta sallame shi saboda rashin hujja.

Ba Kiristoci kaɗai wannan wuta ke ci ba. Dokar Uttar Pradesh an kafa ta ne a tsakiyar kururuwar abin da 'yan kishin Hindu ke kira "jihadin soyayya", wato zargin cewa samarin Musulmi na auren 'yan matan Hindu domin musuluntar da su. Mutanen farko da aka kama a ƙarƙashinta Musulmi ne. A watan Satumban 2024 wata kotu a Lucknow ta yanke wa malaman da'awa biyu, Umar Gautam da Kaleem Siddiqui, ɗaurin rai-da-rai tare da waɗansu mutum goma. Saboda haka duk Musulmin da ke ganin wannan rikici na Kirista da Hindu ne kawai, bai karanta dokar ba.

Ɗabaƙa da gurbin aiki

Yanzu mu koma kan tambayar da muka ajiye. Al'ummar Hindu ta ginu a kan tsarin ɗabaƙoƙi na gado, inda haihuwa ke yanke wa mutum matsayinsa da sana'arsa da wanda zai aura. A can ƙasa akwai 'yan Dalit, waɗanda a da ake ɗauka taɓa su ma ƙazanta ne. Su da ƙabilun daji da ake kira Adivasi su ne mafi yawan waɗanda suka shiga Kiristanci a ƙarni biyu da suka wuce, kuma sau da yawa ƙauye guda ne ke shiga a lokaci ɗaya. Ga mutumin da aka hana shi ɗibar ruwa a rijiyar gari, sauya addini neman mutunci ne kafin ya zama batun aƙida. Ambedkar, jagoran 'yan Dalit kuma shugaban kwamitin da ya tsara kundin mulkin ƙasar, shi kansa ya bar addinin Hindu ya shiga na Buddha a Nagpur a watan Oktoban 1956, tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. A 1981 ɗaruruwan 'yan Dalit a ƙauyen Meenakshipuram na Tamil Nadu suka musulunta, lamarin da ya girgiza siyasar ƙasar.

Gwamnatin Indiya ta ware wa 'yan Dalit kashi 15 cikin ɗari na guraben aikin gwamnatin tarayya da na manyan makarantu, ƙabilun daji kuma kashi 7.5. Duk ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan ya san abin da irin wannan kaso ke nufi ga iyali. Amma umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya ce ɗan Dalit mai bin addinin Hindu ne kaɗai zai amfana. An shigar da mabiya Sikh a 1956, mabiya Buddha a 1990, aka bar Kiristoci da Musulmi a waje. Ma'ana, ranar da ɗan Dalit ya yi baftisma ko ya yi kalmar shahada, ranar ce ɗansa ya rasa gurbin jami'a, alhali maƙwabtansa ba su daina ƙyamarsa ba. Wannan ne ya sa mutane ke zuwa coci ranar Lahadi, su kuma bar takardarsu da sunan Hindu.

Hujjar gwamnati ita ce Kiristanci da Musulunci ba su yarda da ɗabaƙa ba, don haka wanda ya shige su ya fita daga matsalar. Abin takaici, cocin da kanta ta ƙaryata wannan. A waɗansu garuruwan Tamil Nadu akwai maƙabartun Kiristoci da aka raba da katanga, ɓangare guda na 'yan Dalit. Duk da cewa su ne kaso mai yawa na mabiya Katolika, sai a 2022 aka samu ɗan Dalit na farko da ya zama Kadinal, wato Anthony Poola na Hyderabad. Kwamitin Ranganath Misra ya ba da shawara a 2007 cewa a raba batun kason da addini, amma ba a aiwatar ba. A 2022 gwamnati ta kafa wani sabon kwamiti a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai K.G. Balakrishnan domin sake duba batun. Akwai kuma 'yan Dalit na Hindu da ke adawa da sauyin, saboda tsoron cewa masu rabon za su ƙaru, tuwon kuma bai ƙaru ba.

Inda aka zubar da jini

A watan Janairun 1999 wasu gungun mutane suka ƙone Graham Staines, ɗan mishan daga Ostireliya mai kula da kutare, tare da 'ya'yansa maza biyu, suna barci a cikin mota a wani ƙauye na Orissa. An yanke wa jagoran maharan, Dara Singh, hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai-da-rai. A watan Agustan 2008, bayan kisan wani jagoran Hindu, Swami Lakshmanananda, wanda 'yan tawayen Mao suka ɗauki alhakinsa, an afka wa Kiristocin gundumar Kandhamal. Alƙaluman gwamnati sun ce an kashe kusan mutum 40, ƙungiyoyin coci sun ce adadin ya fi haka, dubun-dubata kuma suka bar gidajensu. A ƙarƙashin rikicin akwai tsohuwar gaba kan filaye da guraben gwamnati tsakanin ƙabilar Kandha da 'yan Dalit na Pana, waɗanda da yawansu Kiristoci ne.

Haka abin yake a Manipur, inda faɗa ya ɓarke a ranar 3 ga Mayun 2023 tsakanin 'yan Meitei na kwari, waɗanda galibinsu Hindu ne, da 'yan Kuki na kan tsaunuka, waɗanda galibinsu Kiristoci ne. Fiye da mutum 250 sun mutu, kimanin 60,000 sun rasa matsuguni, an ƙone majami'u da yawa da kuma wuraren bautar Hindu. Abin da ya kunna wutar shi ne neman da 'yan Meitei suka yi na a ba su matsayin ƙabila, wanda zai ba su damar sayen fili a tsaunuka. Mutanen Filato da Kudancin Kaduna ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan yadda rikicin ƙasa ke sanya rigar addini.

Hatta gawa ba ta tsira ba. A watan Janairun 2025, gawar wani fasto ta kwashe kimanin mako uku a ɗakin ajiye gawa a yankin Bastar na Chhattisgarh, saboda mutanen ƙauyensu sun hana a binne shi kusa da iyayensa. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, alƙalai biyun da suka saurare ta suka saɓa wa juna, a ƙarshe aka binne shi a maƙabartar Kiristoci ta wani ƙauye mai nisa.

Hannu biyu na gwamnati

Firaminista Narendra Modi ya gana da Fafaroma Francis a Vatican a 2021, ya ziyarci babbar majami'ar Delhi a bikin Ista na 2023, ya kuma karɓi shugabannin Kiristoci a gidansa a Kirsimetin shekarar. Ƙoƙarin ya yi amfani: a zaɓen 2024 BJP ta ci kujerarta ta farko ta majalisar wakilai daga Kerala, a mazaɓar Thrissur mai yawan Kiristoci. A jihohin Nagaland da Mizoram da Meghalaya, inda Kiristoci ke da rinjaye mai yawa, jam'iyyar ba ta ɗaga maganar naman shanu ko sauya addini.

A ɗaya hannun kuma, dokar karɓar tallafi daga waje, wadda aka tsananta a 2020, ta rufe bakin aljihun dubban ƙungiyoyi. A ranar Kirsimetin 2021 aka ƙi sabunta lasisin ƙungiyar da marigayiya Mother Teresa ta kafa, sai da duniya ta yi ca kafin a dawo da shi bayan kimanin mako biyu. Kiristocin da ke da ƙuri'a da dukiya ana zawarcinsu, talakawan ƙauyen da ke taruwa a ɗaki guda su yi addu'a su ne ake kai wa samame.

Cocin ma tana da tambayoyin da za ta amsa. Akwai masu wa'azin da ke zagin gumakan maƙwabtansu a lasifika, akwai masu alƙawarin warkar da cuta a madadin asibiti, akwai kuma masu aika wa masu ba da tallafi a Amurka alƙaluman "rayukan da aka ceto" kamar lissafin riba. Waɗannan ne ke ba masu tsattsauran ra'ayi hujja. Amma dokokin hukunta zamba da tilas suna nan tun da daɗewa, kuma sun isa a kama mai laifi da su ba tare da an tura babban mutum ofishin gunduma neman izinin abin da zuciyarsa ta yarda da shi ba.

Me ya shafe mu?

Dubban 'yan Najeriya na zuwa Indiya kowace shekara neman magani da karatu da sayen kaya. Bizar jinya ko ta kasuwanci ko ta yawon buɗe ido ba ta ba baƙo izinin yin wa'azi ba, Kirista ne ko Musulmi. A 2020 gwamnatin Indiya ta haramta wa baƙi 'yan Tabligh fiye da 2,500 shiga ƙasar na tsawon shekara goma bisa zargin saɓa ƙa'idar biza. Ɗalibin da ke raba ƙasidu ko ɗan kasuwar da aka miƙa wa lasifika a wani taro na iya samun kansa a hannun hukuma.

Abubuwa uku ne za su nuna inda aka dosa. Na farko, ƙararrakin da ke gaban Kotun Ƙoli suna ƙalubalantar sababbin dokokin jihohin, inda za a ga ko kotun za ta tsaya kan hukuncin 1977 ko za ta yi la'akari da hukuncinta na 2017 da ya mayar da sirrin rayuwar mutum haƙƙi na tsarin mulki. Na biyu, abin da gwamnati za ta yi da aikin kwamitin Balakrishnan. Na uku, ƙidayar jama'a da aka ɗage tun 2021, wadda yanzu aka tsayar za a kammala a 2027, kuma za ta ƙirga ɗabaƙoƙi baki ɗaya a karon farko tun 1931. Ranar da jami'in ƙidaya zai tsaya a ƙofar ɗan Dalit mai zuwa coci ya tambaye shi addininsa, amsar da zai bayar za ta dogara ne da ko ɗansa zai rasa gurbin jami'a saboda ita.